Amsa ga ƙanwarmu mai tambaya kan Stanislavski

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun shekaranjiya na ga tambayar ƙanwarmu da ta ce ta shiga aji ɗaya a sashen wasan kwaikwayo, malaminsu kullum bakinsa Stanislavski Stanislavski, ita kuma ta rasa gane wai shi wannan bawan Allah waye, kuma da gaske ne abin da wasu suka gaya mata cewa koyarwarsa ita ce ki tuno mutuwar wani naki har ki yi kuka a gaban kamara. Na so in bari matasa su amsa amma da na ga amsoshin duk sun tafi a kan maganar kukan nan sai na ce bari dai in sa baki, don ni ma an taɓa yi min wannan karatun a baibai kuma na ɗauki shekaru ina koyar da shi a baiban kafin Allah ya sa na farga. Ki yi haƙuri da tsawon rubutun.

Farko dai ƙanwata, sunan ma ba nasa ba ne. Sunansa na yanka Konstantin Alekseyev, an haife shi a Mosko a 1863, gidansu gidan attajirai ne masu masana'antar zaren zinare da azurfa, irin wanda ake ado da shi a jikin kayan sarauta da na hafsoshin soja. A wancan lokacin a Rasha ɗan babban gida ya fito yana wasa a dandamali don kuɗi abin kunya ne, kin san dai wannan ba sai an yi mana dogon bayani ba, shi ya sa ya ari sunan Stanislavski don ya riƙa fita wasa ba tare da an ja sunan gidansu ba. Amma a cikin gida suna da nasu ɗan dandamalin a gonarsu ta Lyubimovka, a nan ya fara tun 1877 yana ɗan shekara 14 tare da 'yan uwansa. Kuma bai bar kasuwancin gidan ba, da rana yana masana'anta da dare yana rihasal, haka ya yi ta yi har juyin juya halin 1917 ya zo gwamnati ta karɓe masana'antar.

Abin da ya fi burge ni a rayuwarsa shi ne mutumin nan bai taɓa yarda cewa ya iya ba. Tun yana yaro yake ajiye littafin rubutu, duk wasan da ya yi sai ya koma ya zauna ya rubuta inda ya yi kwaɓa, yau na yi sauri, yau hannuna ya sandare, yau kwaikwayon wane nake ba wasa ba. Duk abin da ake kira tsarin Stanislavski daga nan ya samo asali, daga mutum mai fama da kansa yana neman dalilin da ya sa jiya wasa ya yi rai yau kuma ya mutu alhali kalmomin su ne dai ba su canza ba.

A 1897 ya haɗu da Vladimir Nemirovich-Danchenko, marubuci kuma malamin dirama, a wani gidan cin abinci a Mosko, suka zauna tun ƙarfe 2 na rana ba su gama magana ba sai 8 na safiyar washegari, awa 18 ke nan, har sai da suka ƙarasa hirar a Lyubimovka. A wannan zaman suka tsara gidan wasan da ya zama Moscow Art Theatre, aka buɗe shi a 1898. Abin da suke yaƙi da shi shi ne irin wasan zamanin, inda babban jarumi zai fito gaba ya buɗe murya yana daga hannu sama sauran kuma su tsaya a baya kamar turaku, ba a wani rihasal na kirki, kayan sawa duk wanda aka samu a sito. Su suka ce a'a, wanda ya fito a sarki yau gobe zai iya fitowa a ɗan aike kuma dole ya ba shi muhimmanci iri ɗaya. A ƙarshen shekarar suka ɗauko wasan Anton Chekhov mai suna Chaika, sunan wani tsuntsun teku ne, wasan da ya faɗi warwas a Saint Petersburg a 1896 har marubucin ya fice daga zauren don takaici, su suka yi shi ya karɓu sosai, har yau hoton tsuntsun ne tambarin gidan.

To a nan ki lura da wani abu, a wannan lokacin Stanislavski darakta ne mai kama-karya. Zai zauna shi kaɗai ya rubuta komai, nan za ka tsaya, nan za ka kunna taba, nan kwaɗi za su yi kuka a bayan fage, jarumi nasa kawai ya bi. Chekhov ma har tsokanarsa yake yi kan yawan ƙarar gyare da tsuntsaye da yake cusawa a wasa. Kuma da Stanislavski ya fito a matsayin Trigorin a wasan Chaika ya ci ado ya fito fes, Chekhov ya nuna masa cewa ai mutumin nan wandonsa mai zanen gida-gida ne takalminsa kuma ya huje, sai daga baya ya gane me ake nufi. A 1902 da za su yi wasan Maxim Gorky kan marasa galihu masu kwana a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sai da ya kwashi mutanensa suka je kasuwar Khitrov inda irin mutanen suke kwana don su gani da idonsu. Wannan kam ko yau darasi ne, na sha ganin an ba yarinyar da ba ta taɓa riƙe taɓarya ba rol ɗin matar ƙauye, daka ɗaya za ta yi ki san ƙarya ne.

Chekhov ya rasu a 1904, a 1906 kuma Stanislavski ya shiga wani hali, ya ji wasan da yake yi ya zama kamar inji, jiki yana yi zuciya ba ta nan. Ya tafi hutu Finland da tarin littattafan rubutunsa ya zauna yana bitar su, daga nan ya fara haɗa tsarin nasa. Manyan jaruman gidan ba su so abin ba, gani suke yana ɓata musu lokaci, shi ya sa a 1912 ya buɗe ƙaramin situdiyo da matasa tare da abokinsa Leopold Sulerzhitsky, a nan aka samu su Yevgeny Vakhtangov da Michael Chekhov, ɗan ɗan'uwan marubucin, da Richard Boleslavsky. Maganar tuno abin da ya taɓa faruwa da kai don ka jawo motsin rai, eh gaskiya ne ya yi aiki da ita sosai a wannan zangon, ya ɗauko tunanin ne daga wani masanin halayyar ɗan adam Bafaranshe mai suna Ribot. Amma zango ɗaya ne a cikin tafiya mai tsawo, kuma ko a lokacin ba ita kaɗai ba ce.

Yadda aka yi maganar ta mamaye duniya shi ne gidan wasan ya yi rangadi a Turai da Amurka daga 1922 zuwa 1924, Boleslavsky ya zauna a Amurka yana koyarwa, Lee Strasberg, wanda daga baya ya zama babban malamin wasan kwaikwayo a Amurka, ya koya a wajensa ya riƙe maganar tuno baya da ƙarfi ya gina tasa koyarwar a kai. Ita kuma Stella Adler, jaruma abokiyar aikin Strasberg, abin ya dame ta, ta je ta sami Stanislavski da kansa a Paris a 1934 suka yi aiki na makonni, ta dawo ta ce musu mutumin nan fa yanzu ya fi ba da ƙarfi a kan yanayin da marubuci ya ajiye da kuma abin da jarumi yake aikatawa, daga nan suka raba gari da Strasberg. Ita ce ta koyar da shahararren jarumin fim Marlon Brando. Sannan ga matsalar littafi, littafin Stanislavski mai suna An Actor Prepares ya fito da Turanci a 1936, shi kuma rabin aikin ne kawai, ɓangaren ciki, ɗaya rabin mai maganar murya da jiki bai fito da Turanci ba sai 1949. Shekara 13 mutane suna riƙe da rabin magana suna zaton ita ke nan, kuma mu ma a nan galibi wancan na farkon ne ake fotokofi a raba mana.

Bari in ba ki nawa labarin. Na yi shekaru ina riƙe da kulob ɗin dirama a wata sakandare, akwai shekarar da muke shirya wasa na ranar ba da kyaututtuka, wata yarinya ta fito a matar da aka aike ta da kuɗin adashi suka ɓata. Ni da ƙaramin sanina sai na ja ta gefe na ce ki tuno wani abin baƙin ciki da ya taɓa samunki, ashe yarinyar nan mahaifinta bai daɗe da rasuwa ba ni ban sani ba. Wallahi ta fashe da kuka na gaske, kukan da ba na wasa ba, ta kasa faɗin layi ko ɗaya, ƙawayenta suka fita da ita, kwana biyu ba ta zo rihasal ba. Har yau in na tuna sai na ji nauyi, laifina ne ba na kowa ba. Kuma ko ta fuskar aikin ma ba a samu komai ba, don kukan maraici daban yake da tashin hankalin wadda ta zubar da kuɗin mutane, mai kallo zai ji bambancin ko bai iya faɗa ba.

Da ta dawo sai na canza dabara, na ɗauko wani atisaye da na gani a littafin nasa na daidaita shi da namu. Na ce ta nemi kuɗin, ta shiga tana dafe kai tana salati tana zagaye aji, ko ƙarƙashin benci ɗaya ba ta leƙa ba. Na ce to tsaya, na karɓi katin jarrabawarta na sa ta fita, da ta dawo na ce mata na ɓoye shi a cikin ajin, in ba ki same shi kafin in ƙirga hamsin ba sai ki je ki yi wa ofis bayani da kanki. Ƙanwata ki ga ikon Allah, babu dafe kai babu salati, shiru ta yi, ta durƙusa tana jan lokoki ɗaya bayan ɗaya, ta zazzage jakarta sau biyu duk da ta san ba ya ciki, ta ɗaga kwandon shara, tana yi tana satar kallon bakina ta ji na kai nawa. Sauran yaran da suke ta surutu duk suka yi tsit. Na ce mata wannan shi ne sin ɗin, ki nemi kuɗin kawai, tashin hankalin zai zo da ƙafarsa. Katin yana aljihuna dama, hhh.

Wannan kusan shi ne inda Stanislavski ya ƙare. A 1928 ciwon zuciya ya kama shi yana kan dandamali ranar bikin cikar gidan shekara 30, daga nan bai sake fitowa wasa ba, sai koyarwa da rubutu, yawanci a gidansa a Mosko. A shekarun ƙarshen nan ya rage dogon zama a tebur ana tattauna sikirif, sai ya ce a tashi a gwada, me ya faru a sin ɗin, me kake so a wajen wanda ke gabanka, me za ka yi don ka samu, ku yi da kalmominku tukuna kafin a haddace na marubuci. Da kuma tambayar nan tasa ta in da, wato in da ni ce a wannan halin, da wannan mijin da wannan bashin da wannan uwar mijin a tsakar gida, me zan yi. Ba a ce ki yarda ke ce ita ba, ba tabin hankali ake nema ba, cewa aka yi ki ɗauka in da. Aikin da yake kai lokacin da ya rasu a watan Agusta 1938 wasan Tartuffe ne na Molière, almajiransa suka ƙarasa shi a 1939.

Wani abu da ba a cika faɗa a aji ba, zamanin Stalin ne fa wannan, gwamnati ta ɗauki gidan wasansa ta mai da shi abin koyi na dole ga kowa, wanda hakan ya daskarar da abin da shi kansa bai daina canzawa ba. Tsohon ɗalibinsa Meyerhold wanda ya bar shi tun 1902 ya kama hanyar da ta saɓa da tasa gaba ɗaya, da aka rufe gidan wasansa a farkon 1938 kowa yana gudunsa, Stanislavski ne ya kira shi ya ba shi aiki a gidan wasansa na opera. Bayan rasuwar tsohon aka kama Meyerhold a 1939 aka harbe shi a 1940. Ni wannan kiran da ya yi masa ya fi min duk wani babi na littafinsa nuna waye mutumin.

Don jarrabawa kam ki haddace sunayen da malaminku ya ba ku, babu makawa, kuma kar ki je ki ce masa wani a guruf ya ce kaza, ki yi tambaya cikin ladabi kawai. Amma in kin samu sikirif, ko na aji ko na rediyo ko an kira ki lokeshan, ki ɗau fensir ki yanka sin ɗin gunduwa-gunduwa duk inda magana ta juya, a gefen kowace ki rubuta abin da kike so ki yi wa ɗayan, in lallashe shi, in kunyata shi, in ɓoye masa, in sa ya zauna. Kar ki rubuta ina baƙin ciki ko ina fushi, waɗannan ba a aikata su. A fim kuma kamara tana kusa da fuskarki, rabin abin da za ki yi a dandamali ma ya yi yawa. In kina da wani sin da aka ba ku yanzu ki turo shi nan guruf mu yanka shi tare, ina samun lokaci bayan isha'i.