Abokan wasana sun ce ina cinye musu lokaci a teburi: me zan gyara?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ina buga Dungeons & Dragons, bugu na biyar na 2014, wasan teburin nan da kowa ke juya jarumi ɗaya a cikin labari, tare da abokai huɗu da jagoran wasanmu mai ba da labarin, sau ɗaya a mako. Jarumina matsafi ne, yanzu yana mataki na biyar. Kwanan nan ɗaya daga cikinsu ya gaya mini baro-baro cewa da zarar layi ya zo kaina a faɗa sai wasa ya tsaya cik, kuma wai ko ba ni aka tambaya ba ni ke fara amsawa. Maganar ta sosa mini rai, amma na san akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Waɗanne halaye ya kamata in gyara?

Amsa:

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙorafin nan biyu da abokinka ya yi asalinsu ɗaya ne, wato lokacin teburi. Awa uku ko huɗun da kuke zama na mutum shida ne, duk mintin da ka ƙara wa kanka daga rabon wani ka ɗebo shi.

Bari mu yi lissafi. A ƙa'idar wasan, zagaye ɗaya na faɗa daƙiƙa shida ne kacal a cikin labari. Ku biyar ne, ga jagora yana juya dodanninsa. Idan kowa ya ɗauki minti uku, zagaye ɗaya ya ci minti goma sha takwas. Faɗa mai zagaye huɗu ya haura awa guda, alhali a cikin labarin daƙiƙa ashirin da huɗu kawai aka yi. Shi kuwa mai takobi da ke jira ya kai sara biyu ya zauna, kusan duk awar nan kallonka yake yi kana buɗe littafi. Idan kowa ya sauko zuwa minti ɗaya, faɗan nan ba zai kai rabin awa ba.

Matsafi shi ne jarumin da ya fi jawo wannan matsala, don zaɓinsa ya fi na kowa yawa. Maganinta kuwa a gida ake fara shi, kafin ranar wasa.

Ka yi wa kowane sihirin da ka shirya ƙaramin kati. A kai ka rubuta abu biyar: nisan da yake kaiwa, abin da yake ci na layinka (babban aiki ne, ko ƙaramin aikin ƙari, ko martani), ko yana buƙatar ka riƙe shi da hankali, irin gwajin tsira da abokin gaba zai jefa (wato jefa dayis, ƙwayar wasa mai lambobi a fuskokinta, don kauce wa sihirin ko rage ɓarnarsa), da adadin dayis ɗin ɓarna. Misali, dunƙulen wutar da littafin ke kira Fireball: nisa ƙafa 150, yana cin duk wanda ke cikin ƙafa 20 daga inda ya fashe, gwajin zillewa ake jefawa, ɓarnarsa dayis takwas masu fuska shida. Ɗan rubutu kaɗan ke nan a kati, maimakon shafin da za ka riƙa lalube ana jiranka.

Sannan a saman takardar jaruminka ka rubuta lambobi biyu da manyan baƙi. Ta farko ita ce abin da kake ƙarawa idan ka kai hari da sihiri, wato makin ƙwarewa da makin basira a haɗe. Ta biyu ita ce lambar da abokin gaba zai kai kafin ya tsira, wato takwas a tara da waɗancan biyun. A mataki na biyar makin ƙwarewa uku ne. Idan basirar jaruminka 18 ce, makinta huɗu, to harinka bakwai ne, lambar tsira kuma 15. Waɗannan galibi ba sa canzawa sai ka hau mataki, don haka babu dalilin sake lissafa su a kowane layi.

A teburi kuma, ka fara shirin layinka tun mutum biyu kafin ya zo kanka. Ka riƙe shiri biyu, na farko da madadinsa, domin sau da yawa wanda ke gabanka zai kashe dodon da ka nufa ko ya shiga tsakiyar inda kake son jefa wuta. Idan duka biyun suka rushe, kada ka tsaya sabon nazari. Ka zama kana da abin da kake komawa gare shi ido rufe, kamar ƙaramin sihirin kibiyar wuta da ba ya ƙarewa, ka jefa a wuce wurin. Layi mai matsakaicin amfani da aka gama cikin daƙiƙa talatin ya fi wa teburin alheri a kan cikakken layin da ya ci minti biyar. Ka jefa dayis ɗin hari da na ɓarna lokaci guda. In harin bai samu ba sai ka yi watsi da na ɓarnar. Wajen ƙirga dayis takwas ɗin nan, ka ware su goma-goma, shida da huɗu, biyar da biyar, ya fi sauri nesa ba kusa ba. Idan ka gama ka ce "na gama" a bayyane, don na bayanka ya san layinsa ne.

Ƙa'idoji biyu ne suka fi sa matsafa komawa baya bayan sun riga sun faɗi abin da za su yi. Ɗaya, sihirin da ake riƙewa da hankali guda ɗaya tak ake riƙewa, ka tayar da na biyu na farko ya faɗi. Kuma duk lokacin da aka ji maka rauni sai ka jefa gwajin juriya, lambar da za ka kai goma ce ko rabin ɓarnar da aka yi maka, duk wadda ta fi girma. Ka ajiye wata alama a kan katin sihirin da kake riƙe da shi don kada sai jagora ya tuna maka. Biyu, a bugun 2014, idan ka yi sihiri da ƙaramin aikin ƙari, a wannan layin ba ka da damar wani sihirin sai ƙaramin nan mara ƙarewa.

Yanzu batun baki, wanda ya fi wuyar gyara don mai shi ba ya jin kansa. Galibi ba son kai ke kawo shi ba, zumuɗi ne da saurin tunani. Amma a kowane teburi akwai wanda sai ya ɗan yi shiru kafin ya tattaro maganarsa, kuma idan kullum kai ke cike shirun, har a tashi ba za a ji ta bakinsa ba. Idan jagora ya gama bayani ya ce "me za ku yi?", ka ƙirga biyar a zuci kafin ka buɗe baki. Za ka ji daƙiƙa biyar ɗin nan kamar shekara, ka daure. Idan wurin na wani ne, ka bar masa: ƙofa mai tarko ta ɓarawon tawaga ce, zance da limamin haikali na malamin addinin tawagar ne. In kuma kana da dabara, ka miƙa ta da bakin jaruminka, ka juya ka ce wa jarumin abokinka "kai da ka taso a irin wannan gari, yaya ake shiga wurin sarkinsu?" Ka yi wasa, kuma ka buɗe masa fili. Ƙa'ida ma tana ba da lada a kan haka: idan ka yi aikin taimako, abokinka zai jefa dayis mai fuska ashirin guda biyu ya ɗauki mafi girma, abin da yake buƙatar 11 zuwa sama sai damarsa ta tashi daga kashi 50 cikin ɗari zuwa 75.

Abin da bai kamata ka yi ba sam shi ne gaya wa wani yadda zai yi layinsa. Ko ka ga ya yi kuskure ƙarara, jaruminsa ne. Sai in shi ya tambaye ka.

Haka batun gardamar ƙa'ida. Idan kana ganin jagora ya yi kuskure, ka faɗa sau ɗaya a taƙaice, ya yanke hukunci ka karɓa, sauran bayani a bari sai an tashi. Kuma ka raba abin da kai ka sani da abin da jaruminka ya sani. Kai ka karanta cewa dodon da ake kira turol raunukansa na warkewa sai an sa masa wuta ko ruwan guba mai cin fata. Kafin ka sanar da kowa, tambayi jagora ko matsafinka ya taɓa jin haka, wataƙila ya sa ka jefa gwajin ilimi.

Wayarka ta zauna a kife, domin rabin "me ya faru?" daga nan yake fitowa. Ka riƙe ɗan littafin rubutu don sunayen mutanen labari da alkawuran da tawaga ta ɗauka.

Kada ka ɗauki duka a zama ɗaya. Mako biyu na farko ka tsaya kan katuna da shirya layi tun kafin ya zo, tunda su ake iya aunawa da agogo, sannan ka ɗora ƙirga biyar ɗin. Bayan zama uku ko huɗu ka koma wurin abokin nan kai da shi, ka yi masa tambaya takamaimai: a faɗan ƙarshe, layina ya yi tsawo ko ya daidaita? Jagora kuma ka tambaye shi ko akwai wurin da ka tari numfashin wani a zaman yau, don daga kujerarsa yake ganin fuskar kowa lokacin da kake magana.