Tambaya da Amsa: Filina ne, to don mi za a hana ni gini?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon kusan duk saƙonnin da suka shigo kan fili ne da gini, da alama tunda damina ta ɗauke kowa ya koma wajen masu bulo. Ga waɗanda na zaɓo.

Tambaya daga wani mai karatu a Birnin Kebbi: Malam barka da aiki. Bara na sayi fuloti ƙafa 50 da 100 can bayan gari wajen hanyar Kalgo, ga hannun wani da ya yanka gonarsu ta gado. Anka yi takarda da shedu, mai unguwa ya sa hannu ya buga hatimi. Na zuba fandisho har na kai linta, ranar nan na taho na iske an shafa min jan fenti ga bango an ce a dakata da aiki. To Malam ni ban gane ba, ban ci na kowa ba, kuɗina na sa, don mi za a hana ni gini ga filina?

Amsa: Ɗan'uwa sannu, Allah ya mayar da alheri, wanda ya kai gini linta a wannan tsadar siminti ya san abin da ya kashe. Amma bari in faɗa maka gaskiya tunda ita ka zo nema. Takardar da ke hannunka shedar ciniki ce, tana nuna ka ba wane kuɗi ya ba ka wuri, shi ke nan aikinta. Ba ta ce wurin na gidan zama ne ba, ba ta ce babu titi da aka zana ta kansa ba, kuma ba ta ba ka izinin ɗora bulo ko ɗaya ba. Hatimin mai unguwa yana da amfani sosai ranar da wani magaji ya taso ya ce bai san an sayar ba, amma mai unguwa ba shi ke riƙe da taswirar gari ba.

Tushen maganar dokar amfani da filaye ce ta 1978, wadda aka yi zamanin mulkin soja na Obasanjo, kuma har yau tana nan daram don an saka ta cikin tsarin mulkin 1999. Dokar ta ce duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna, yana riƙe da ita amana saboda jama'a. Sai ta raba aikin biyu, inda gwamna ya ayyana a matsayin birni shi ke ba da haƙƙin zama a wurin, inda ba birni ba kuma ƙaramar hukuma ke bayarwa bisa al'ada. Shi ya sa ko wanda ya samu satifiket na gwamna za ka ga an rubuta masa wa'adi, galibi shekara 99 idan na gidan zama ne. Kuma akwai wani wuri a dokar da dillalai ba su son a karanta, sashe na 36, wanda ya hana mai gonar karkara ya yanka ta fuloti-fuloti ya sayar da kansa. To ka ga wannan awon igiyar da muke ta yi a bayan garuruwanmu, mutum ya kira yaro da igiya da turaku ya raba gona gida ashirin, ya bar lungun da ko amalanke ba ta juyawa, babu filin makaranta babu na asibiti babu inda ruwa zai bi, daga nan matsalar ke farowa, kai mai saye kai ne na ƙarshe da abin ke faɗowa a kansa.

Abin da za ka yi yanzu, kar ka goge fentin, kar kuma ka sa magina su yi aikin dare don a wayi gari an yi rufi, wannan dabarar ita ke jawo katafila. Ka ɗauki takardunka ka tafi ofishin da suka yi alamar da ƙafarka, ka nemi a nuna maka a rubuce mene ne laifin. A Birnin Kebbi da sauran manyan garuruwan jihar hukumar raya birane wato KUDA ita ke kula da izinin gini, maganar rajistar fili da taswira kuma akwai ma'aikatar filaye da hukumar taswirar filaye ta jiha wato KEBGIS. Sau da yawa laifin bai wuce rashin izini ba, sai a ce ka kawo zanen gini da awon safiyo ka biya kuɗin da aka yanka a ba ka rasit ka ci gaba. In kuwa ya zama ka hau kan titin da aka zana ne ko hanyar ruwa, to gara ka sani yanzu kana linta da ka sani bayan ka sa iyali a ciki. Kuma duk wanda ya ce ka ba shi wani abu a gefe zai kashe maganar, ka sani shi za a iya canza masa wurin aiki gobe, taswirar kuwa tana nan.

Ni dai a ganina laifin ba na masu saye ba ne kaɗai. Tun 1991 da aka cire Kebbi daga Sakkwato garin nan yake faɗaɗa, wanda ya san Badariya da Bayan Kara da Gesse a da ya ga yadda suke yau ya san me nake nufi, ga jami'ar tarayya ta ja mutane wajen Kalgo, ga filin jirgi ya ja su wajen Ambursa. Idan hukuma ba ta riga mutane isa bayan gari ta fitar da fulotai masu tituna a farashin da malamin firamare zai iya ba, dole talaka ya tafi wajen mai igiya. Tun ran gini tun ran zane. Zuwa da jan fenti bayan unguwa ta cika ba tsari ba ne.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Argungu: Malam ina wuni. Maƙwabcinmu ya mai da gidanai wurin gyaran shinkafa, ya kafa inji jikin bangon ɗakin da nike kwana da ɗiyana. Tun asuba har bayan isha'i ƙara, ga ƙaiƙayi da dusa suna shigo muna har cikin randa, ƙaramin ɗana kullum tari. Maigidana ya yi mai magana ya ce gidanai na, ya yi abin da ya ga dama. Shin da gaske babu abin da za a iya yi?

Amsa: Hajiya Allah ya ba yaro lafiya. Ba gaskiya ba ne, akwai abin da za a yi. Gidansa ne, ba wanda ya musa, amma duk filin da aka bayar a tsari ana rubuta abin da aka bayar da shi don shi, na zama daban, na kasuwanci daban, na masana'anta daban. Wanda zai mayar da gidan zama wurin inji ko gidan burodi ko gidan mai sai ya nemi izinin canza amfani, kuma abin da ake dubawa kafin a ba shi shi ne daidai abin da kike kuka da shi, ƙara, ƙura, hayaƙi, da manyan motocin da za su riƙa toshe lungu. Ko a tsohuwar shiya wadda ba ta taɓa ganin safiyo ba, duba-gari na ƙaramar hukuma suna da ikon shiga su duba duk abin da ke cutar da lafiyar maƙwabta su ba da takardar a gyara. A shari'a ma ƙa'idar sananniya ce, ba cuta ba cutarwa, alƙalai sun daɗe suna hukunci da ita kan hayaƙi da kwata da tagar da ke leƙa tsakar gidan wani.

Sai dai ina roƙonku ku bi abin a hankali, don shinkafa ita ce abincin Argungu, injin nan ƙila mutum goma ke ci a jikinsa, kuma maƙwabci ne da za ku haɗu a suna da jana'iza. Maigida ya fara da mai unguwa da limamin shiya, a zauna a nemi ya janye injin daga jikin bangonku, ya yi wa wurin dusar rufi, a yanka masa lokacin tashi da lokacin kashewa. In ya ƙi, sai ku rubuta ƙorafi ku da sauran maƙwabtan da abin ya shafa, ku sa hannu tare ku kai sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ku riƙe kwafi. A kai yaron asibiti kuma a adana katin, zai yi amfani in magana ta kai gaban alƙali.

Tambaya daga wani dattijo manomi a ƙasar Gwandu, ɗansa ne ya rubuto masa: An zo an kafa turaku cikin gonarmu da munka gada kaka da kakanni, an ce za a yi kasuwa da tasha. Ba mu da takarda ko ɗaya, shedarmu ita ce kowa ya san tamu ta. Shin hukuma na iya amshe ta haka nan, kuma mi za a biya mu?

Amsa: Baba Allah ya ƙara girma. Rashin takarda bai raba ku da haƙƙinku ba. Dokar 1978 ɗin nan ta ce wanda ke noma ƙasa a karkara tun kafin a yi ta, ana ɗaukarsa kamar an ba shi haƙƙin zama na al'ada, ko da bai taɓa shiga ofis ba. Amma kuma eh, hukuma tana iya karɓa idan aikin na amfanin jama'a ne, kuma kasuwa da tasha da mayanka da maƙabarta duk suna cikin ayyukan da tsarin mulki ya ɗora wa ƙananan hukumomi. Inda mutane ke shan mamaki shi ne wajen diyya. Doka ba ta biyan kuɗin ƙasar kanta, abin da ke kanta ake ƙiyastawa, shuka, itatuwa masu amfani irin mangwaro da ɗorawa da giginya, rijiya, shinge, gini in akwai. Amma ga abin da da yawa ba su sani ba, a sashe na 6 an ce idan ƙaramar hukuma ta karɓi gonar da mutum ke nomawa, wajibi ne ta ba shi wata gonar ya ci gaba da noma. Wannan ku riƙe shi da kyau ku tambaye shi da baki da kuma a rubuce.

Saboda haka tun kafin greda ta shiga, a sa yaro ya ɗauki hoton gonar da waya lungu-lungu, a ƙirga itatuwa a gaban hakimi da maƙwabtan gona, ranar da masu ƙiyasi za su zo kuma ku tsaya a wurin da kanku kar ku aika. Ku nemi a ba ku sanarwa a rubuce mai faɗin aikin da za a yi. Wannan sanarwar tana da muhimmanci, don idan an karɓa da sunan kasuwa daga baya kuka ga an yanka fulotai an raba wa masu hali suna gina gidaje, kotunan ƙasar nan sun sha rushe irin wannan karɓar, saboda amfanin wani mutum ɗaya ba amfanin jama'a ba ne. Kuma in gonar gado ce da ba a raba ba, ku haɗa kan magada tun yanzu har da mata, kar wani ya je shi kaɗai ya sa hannu ya karɓo.

Tambaya daga wani matashi a Jega: Ina son in fitar da shaguna biyu gaban gidanmu, bakin babban titi, akwai fili kamar taku goma tsakaninmu da kwalta ba mai amfani da shi. Akwai matsala?

Amsa: Akwai. Wannan filin da kake gani fanko na titi ne. A hanyar gwamnatin tarayya ana barin mita 45.72 daga tsakiyar kwalta kowane gefe, saboda faɗaɗawa da lambatu da turakun wuta da bututun ruwa, kuma wanda ya yi gini a ciki ranar rusau ba shi da bakin neman diyya. Ka je a auna maka inda iyakar gidanku ta tsaya, in shagon zai shiga filin titi ka fasa katanga ka yi shi daga cikin gida. Haka abin yake ga masu sayen fili ƙarƙashin manyan wayoyin wuta don sun ga araha, babban layi mai ƙarfin kilovolt 330 irin wanda ya taso daga Kainji zuwa Birnin Kebbi ana bar masa faɗin mita 50, mai 132 kuma mita 30, ba a kwana a ƙarƙashinsu.

Sai saƙo na ƙarshe, wani ya ce an yi masa tayin fili mai sauƙi a gangaren fadama, mai sayarwa ya rantse ruwa bai taɓa zuwa wurin ba, ya saya ko kar ya saya. Ɗan'uwa yanzu rani ne, ko tsakiyar gulbi aka nuna maka za ka ga busasshiyar ƙasa. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020 a jihar nan, yadda ruwa ya shafe gonakin shinkafa ya cinye gidaje ya yanke gadoji, ba ya sayen gangare da rantsuwar dillali. Ka bari sai watan Agusta ka je da kanka bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ka duba gindin bangon gidajen da ke kusa ko akwai zanen da ruwa ya bari, ka tambayi tsofaffin manoman wurin ina ruwa ke tsayawa shekarar da gulbi ya cika. In mai filin ya ce ba zai iya jira ba akwai wani mai so, ka bar masa ya sayar wa wancan.

Masu tambaya kan rabon gidan gado da shigar da burtali cikin gona, saƙonninku sun iso, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.