Amsa ga ɗalibina kan yaran da suka ƙi zuwa ofis

Ɗana, ka tambaye ni yadda za ka sa yaran ƙaramar sakandare su gane cewa damuwa ciwo ce mai magani, har su riƙa zuwa ofishin ba da shawara da ƙafarsu. Ba zan tsaya a kan tsara jadawali da cike fom ba, domin duk wanda ya fito daga kwalejin ilimi ta Gumel bai iya wannan ba, gara ya mayar da takardarsa.

Yaro ba ya zuwa inda ake tona asirinsa. Na taɓa samun wata yarinya 'yar aji biyu mai kaifin ƙwaƙwalwa, wadda ta daina barci bayan rasuwar mahaifiyarta, tana zama a ƙarshen aji ta ƙura wa allo ido, biro a hannu, ba ta rubuta komai. Da ƙyar ta gaya mini, a gindin darbejiyar makaranta, cewa wani lokaci tana jin gara ta bi uwarta. Na je zauren mahaifinta na lallashe shi har ya amince mu kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure. Sai wani matashin malami, wanda aka turo don ya taimaka mini, ya buɗe littafin da nake rubuta bayanan yara, ya kai labarin ɗakin malamai don a ce ya san abu. Kafin Juma'a 'yan ajinsu suna kiranta mahaukaciya, magana ta kai bakin rijiya. Uban ya ce na ɓata wa 'yarsa suna, ya cire ta daga makaranta, aka ce iska ce, mai magani ya cinye masa akuya. Har yau raina yana ɓaci, kuma zango guda babu yaron da ya tako ofishina.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin larurorin ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin shekara 14, wato daidai shekarun yaran da ke hannunka. Saboda haka kada ka shiga aji da maganar taɓin hankali. Yi musu maganar faɗuwar gaba, rashin barci da ƙuncin zuciya, waɗanda suka sani a jikinsu. Ku yaran yanzu komai sai kun sa a waya, to sirrin ɗalibi ba ya shiga Facebook. Idan yaro ya ambaci cewa zai yi wa kansa illa, iyayensa kaɗai za ka samu, a ranar, kai da kanka, bayan ka gaya wa yaron cewa za ka je.