Birki ya ƙi kamawa a gangara, daga baya kuma ya dawo lafiya, me ya jawo?

Tambaya: Malam ina saukowa Hawan Kibo da lodi, tun daga sama ƙafata na kan birki, can wajen ƙasa sai na ji motar ta ƙi tsayawa ga wani warin ƙauri, da na samu na faka ta huce sai birkin ya dawo daidai. Meye matsalar?

Amsa: To Alhamdulillahi da Allah ya tsare. Zafi ne ya maka yawa, ba wani abu ba. Shi birki aikinsa ya mayar da gudun mota ya koma zafi, in ka ɗora ƙafa ba ɗagawa ga lodi ga gangara mai tsawo, zafin ba ya samun lokacin fita.

Abin da nake so ka tuna shi ne yadda ka ji fedar a ƙafarka. In ta yi tauri kana dannawa da ƙarfi amma mota na ta tafiya, to fad ɗin ne, wato abin da ke matse faifan taya in ka taka birki, ya ƙone, fuskarsa ta yi santsi tana sheƙi kamar gilashi, ba ta iya cije faifan, warin da ka ji ke nan, kuma fad na jabu tun kafin a je ko'ina yake yin haka. In kuwa fedar ta yi laushi ta nutse har ƙasa, man birki ne ya tafasa, kumfa ta shiga layi, ita kuma iska matsuwa take yi ba ta tura komai. Wannan ya fi ban tsoro wallahi. Man birki nau'in DOT 3 sabo sai zafi ya kai digiri 205 na Celsius yake tafasa, amma yana tsotsar danshi a hankali, in ya tsufa 140 ma ta ishe shi. Nau'in DOT 4 sabo kuma sai 230 yake tafasa. Shi ya sa ake cewa a juye shi gaba ɗaya duk shekara 2, mu kuwa ciko kawai muke ta yi.

Don Allah a daina sa mota a firi a gangara wai don a rage shan mai. Tun daga sama ka sa giya ta biyu, ko L in otomatik ce, injin ya riƙe maka ita, birkin kuma ka taka ka saki. Kada ka watsa wa faifai ruwa yana da zafi, lanƙwashewa yake yi. Ka kai wa bakanike ya cire tayoyin gaba ya duba fad ɗin, ya duba ko kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe fad yana matse shi a jikin faifai, na maƙalewa, kafin ka sake hawa wannan hanya.