Amsa: ta yaya aka san ƙatuwar lambar nan firam ce?

Ɗan'uwa, ka tambaya wai ya aka yi aka tabbatar lambar da aka gano a Oktoban 2024 firam ce, wato ba ta rabuwa sai da 1 da kanta, ko sun bi duk lambobin da ke ƙasa da ita ne suna rabawa. A'a wallahi, da haka ake yi da har duniya ta naɗe ba a gama ba, lamba ce fa mai dijit 41,024,320.

Sirrin yana ga sifarta. Ka jera 2 sau 136,279,841 ka ninka su, ka cire 1, ita ke nan. Irin waɗannan ake kira lambobin Mersenne, sunan wani malamin coci ne na Faransa, kuma wannan ita ce ta 52 da aka sani a firam ɗinsu, Luke Durant ne ya gano ta a shirin GIMPS, inda 'yan sa-kai ke haɗa kwamfutocinsu ta intanet suna neman irin waɗannan firam ɗin. Su suna da gwajinsu na musamman, Lucas-Lehmer, kuma ni sai da na yi shi da biro sannan na yarda. Ɗauki 31, wato a jera 2 sau biyar a ninka su a cire 1. Fara da 4, ninka ta da kanta ka cire 2, ka samu 14. Maimaita, 194, raba da 31 saura 8. Maimaita da 8 ɗin, 62, raba da 31 saura 0. Tunda an ƙare da saura 0, shi ke nan 31 firam ce, taku uku kawai, don kullum 2 ake cirewa daga adadin biyu-biyun a samu yawan takun. Wa na raba ta da shi a cikin na ƙasa? Ba kowa.

Inda na taɓa cin karo shi ne na ɗauka in dai adadin biyu-biyun firam ne to amsar ma firam ce. Ina! Gwada 11, za ka samu 2047, wadda 23 sau 89 ce. Dole adadin ya zama firam, amma hakan bai wadatar ba.

Na taɓa sa Prime95, manhajar GIMPS mai gwada waɗannan lambobin, a tsohuwar laftof ɗina na bar ta tana aiki dare da rana, fanka na ta ƙara kamar za ta tashi sama, makonni ina leƙawa, ƙarshe sakamako ya fito cewa lambar da aka ba ni ba firam ba ce, kuma abin haushin gwajin ba ya gaya maka me ke raba ta, kawai ya ce tana rabuwa. Shi ya sa Edouard Lucas ke burge ni, a 1876 da hannu ya tabbatar da mai biyu-biyu 127, dijit 39, ba kwamfuta ba kalkuleta.

Af, in ka rubuta ta 2024 ɗin a lissafin kwamfuta na 0 da 1, zalla 1 ce a jere guda 136,279,841, ko sifili ɗaya babu.