Amsa ga mai tambaya kan ganyen holi da ke yin rawaya

Hajiya sannu da ƙoƙari, na ga tambayarki cewa bishiyar holi ɗin (holly, itacen nan mai ƙaya a ganye) da ke gaban gidanki ganyenta na yin rawaya yana zuba, har kin ƙara mata ruwa amma shiru. Dan Allah ki fara dakatar da ruwan nan tukuna, ni ma kuskuren da na yi kenan shekarar da muka tare a jihar Bajiniya ta Amurka, kullum ina tsaye da tiyo, ashe saiwar nake ruɓarwa, ƙasar mu jar laka ce mai riƙe ruwa. Ki tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi ki ƙyale ta.

Sai ki duba wane ganye ne ya canza. In tsofaffin ne na can ciki kusa da jikin itacen, kuma yanzu Afrilu ko Mayu ne sabon toho na fitowa, to wallahi ba komai, haka take yi duk shekara, tsohon ya zuba sabo ya maye gurbinsa. Shara kawai za ki yi, ki sa safar hannu dan ƙayar ganyen nan ba wasa.

Amma in sababbin ganyen na baki-baki ne suka yi fari-fari, jijiyoyinsu kuma suna nan kore shar, wannan ƙarancin sinadarin ƙarfe ne. Kuma ba wai babu shi a ƙasar ba ne fa, holi tana son ƙasa mai ɗan tsami, a ma'aunin tsamin ƙasa da ake kira pH wajen 5 zuwa 6, in lambar ta haura, wato tsamin ya ragu, sai ta kasa tsotsar ƙarfen ko da yana nan jibge. Tawa biyu da ke jikin katanga su suka fi shan wahala, siminti ne ke kashe tsamin ƙasar, ta tsakiyar fili kuwa ko a jikinta. Na ɗebi ƙasa na aika jami'ar Virginia Tech suka auna tsaminta, sannan na barbaɗa garin farar wuta dan ya ƙara wa ƙasar tsami, na lulluɓe gindin da ɓawon itacen fayin (pine, mai ganye kamar allura) kamar inci 2, ban bari ya taɓa jikinta ba. Farar wuta fa ba ta sauri, sai da shekara ta zagayo na ga bambanci, maigida har ya fara cewa a sare su a huta.

Ki juya bayan ganyen ma ki gani ko akwai ƙananan ƙwari manne kamar ƙuraje, in ya yi danƙo-danƙo da baƙi kamar kunkunniya to su ne. Ki turo mana hoto na kusa, gaba da baya.