Amsa ga Hajiyar da ɗanta ke son barin makaranta saboda ƙwallon kwando

Salamu alaikum Hajiya. Na ga tambayarki, yaronki ɗan shekara 15 ya yi tsawo, kullum yana fili, yanzu ya ce zai ajiye makaranta ya bi ƙwallo har NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ki bar shi ko ki hana. Ni na buga tun ina sakandare har Sprite Ball, gasar makarantun sakandare ta Ghana, yanzu kuma ina koyar da yara nan unguwannin Nima da Maamobi a Accra, to bari in faɗa miki abinda na gani.

Kar ki hana shi wasa, amma maganar barin makaranta kam wallahi kar ki yarda. Ki tambaye shi ko ya san Ben Bentil, ɗan ƙwallon kwandon Ghana, na tabbata ya sani. Shi ma yana kamar shekarun yaronki ya tafi Amurka, kuma makaranta ce ta kai shi, ya yi sakandare can, ya shiga jami'ar Providence, sannan a 2016 Boston Celtics suka ɗauke shi a lamba 51 a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA. To duk da haka kafin a fara kaka suka sallame shi, sai 2017 Dallas suka ba shi kwantiragin kwana 10 ya buga wasa 3, iyakar NBA ɗinsa kenan fa, mutumin da ya fi kowa zuba maki a rukunin jami'o'insu! Abincinsa a Turai ya same shi, Panathinaikos a Girka, Milan a Italiya, kuma alhamdulillahi ya rufa wa kansa asiri, ni a wajena wannan nasara ce babba amma yaranmu basa son jin wannan ɓangaren. Amida Brimah ɗan Accra ma haka, jami'ar Connecticut ya bi, suka ci kofin jami'o'i a 2014, ba a zaɓe shi zuwa NBA ba, ya yi ta fama a ƙaramin lig sai 2021 Indiana suka sa shi.

Duk shekara wajen mutum 60 kawai ake zaɓa daga duk duniya. Kuma koci na Amurka in ya ga bidiyon yaro abu na gaba da zai nema sakamakon jarabawa ne. Akwai wani yaron da na koyar hannunsa kamar me, an neme shi, babu takarda, maganar ta mutu, har yau abin na cin raina.

Sai ki kula da masu zuwa suna cewa su ejan ne a kawo dala za su fitar da yaro, ko su ce a rage masa shekaru a fasfo. Kar ki ba kowa ko sidi ɗaya. Masu gaskiya irin makarantar NBA ta Saly a Senegal su suke zaɓar yaro da kansu.

In kuma addininsa kike tsoro, ki ba shi labarin Hakeem Olajuwon ɗan Legas, gola ne a ƙwallon ƙafa kafin ya koma kwando, ya ci kofi da Houston 1994 da 1995, yana buga wasa da azumi a bakinsa, a Ramadan ɗin 1995 ma shi aka ba gwarzon watan Fabrairu.

Ki yi masa sharaɗi, in makin jarabawa ya faɗi babu fili. Ki saya masa takalmi mai riƙe idon sawu don filayenmu siminti ne, gwiwa da sawu suke fara ci. In kuna kusa ya zo ranar Asabar bayan asuba in ga wasansa, ya taho da katin sakamakonsa na makaranta.